Zango Bakwai a Tsaunukan Kudancin Ostareliya

Maigidana mutumin dutse ne. Abin da ya karanta ke nan a jami'a, ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma ya kai mu Doha, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki da wani kamfanin gas. Allah da ikonsa, ƙasar da ta ba shi abinci ba ta da dutsen da za a ɗaga kai a kalla. A shimfiɗe take kamar tabarma. Mu kuwa 'yan Bauchi ne, mun tashi duk inda ka waiga dutse ne yake kallonka. Yakan ce idanunsa sun gaji da rashin abin jingina.

Muna zaune a unguwar Bin Mahmud, hawa na uku, a saman wani shagon kayan masarufi. 'Yarmu ɗaya ce, ta yi aure tana Kano, gidan ya rage daga ni sai shi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mun ci abinci, sai ya ce in kwashe kwanuka daga kan tebur. Ya ɗauko wata doguwar takarda da aka aiko masa, ya warware, ya danne gefe ɗaya da kwalbar yaji, ɗayan da wayarsa. Taswira ce ta wasu tsaunuka da ke can cikin dajin kudancin Ostareliya, tafiyar wuni guda a mota daga birnin da jirgi ke sauka. Tun yana ɗalibi yake karanta labarinsu. Ya ce hutun baɗi can za mu, kwana bakwai, a tanti.

Na ce, "Ni dai Malam ban ga abin da zai sa mai gado da katifa ya ƙetare teku ya je ya kwanta a ƙasa ba."

Ya ce, "Ke dai matso ki gani, Hajiya."

Ya ɗora yatsa a kan wani kwazazzabo. Ya ce duwatsun nan a da ƙasan teku ne, laka kan laka, har suka ƙandare, sannan ƙasa ta motsa ta kishingiɗar da su. Wanda ya shiga kwazazzabon da mota ta wannan baki ya fita ta wancan, ya ratsa zamunan da ba a taɓa yin ɗan Adam a cikinsu ba. A jikin wasu duwatsun akwai shatin halittu marasa ƙashi, daga cikin mafi tsufan da aka sani. Yana magana yana haɗiyar yawu kamar mai labarin tuwon mahaifiyarsa. Ban fahimci rabin abin da ya faɗa ba, amma na ja kujera na zauna.

Daga ranar, yammacin Juma'a ya zama na taswira. Hukumar da ke kula da dajin ta ware wuraren kafa tanti, kowanne da hotonsa a intanet, kuma sai mutum ya kama wuri tun kafin ya je. Shi yana da dokokinsa. Ba a kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, don ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya saukowa ba sallama. Ba a kafa tanti a ƙarƙashin manyan bishiyoyin turaren nan na bakin rafi, don reshensu yakan ɓalle ko babu iska. Ni dokata ɗaya ce, duk inda babu banɗaki ba ni ba wurin. A kan wannan muka yi ta ja-in-ja, domin zangon da ya fi so, wanda ke fuskantar wani jan bango na dutse, ba shi da komai sai fili da wurin hura wuta. Ya ce za mu tafi da shebur. Na ce ya tafi da shi shi kaɗai. Da na tambayi ruwan alwala, ya ce za mu ɗauki jarkoki, in sun ƙare ga jar ƙasa nan ta taimama iya ganin ido.

A hankali ni ma na fara zaɓe. Akwai wasu tsaunuka da suka yi da'ira kamar akushi, da fili a tsakiya, na ce nan sai na gani da idona. Akwai wata ƙaramar dabba dangin kangaru mai zobe-zobe a wutsiya da ke fitowa kan duwatsu da la'asar, na sa ya rubuta inda ake ganinta. Na kuma zaɓi kangon wani gidan dutse na makiyayan da fari ya kora tun da daɗewa, ban san abin da ya ja ni gare shi ba. Kafin sanyi ya shigo mun tsayar da zango bakwai, ya zagaye kowanne da jan biro. Muka sa watan Yuni, lokacin da Doha ke tafasa, can kuwa sanyi ake yi. Muka nemi biza, aka ba mu.

A watan Janairu ya sayo tanti, ya ce mu gwada shi kada mu je mu ji kunya. Muka wuce garin Lusail muka yi arewa, muka sami bakin ruwa inda babu jama'a sosai. Ina riƙe da sanda ɗaya, shi yana buga turaku. Ya buga uku, a na huɗu guduma ta suɓuce masa. Ya ɗauka, ta sake suɓucewa. Ya yi dariya ya ce tsufa ne. Da zai miƙe sai ƙafarsa ta hagu ta ƙi biyo shi, ya faɗi a kan gwiwa. A nan na tuna wata biyu ke nan takalminsa na hagu yana cirewa a hanyar masallaci, yana ɗora wa takalmin laifi.

A asibiti suka yi ta juya mu, hoton ƙwaƙwalwa, hoton baya, jini, sai wani gwaji da ake soka allura a tsoka ana sauraren ƙara. Likitar da ta duba shi ta yi mana bayani da Turanci, a tsanake, na ji kowace kalma amma na ƙi haɗa su. Akwai wani likita ɗan Kano da ke aiki a asibitin, ƙanen abokin maigidan, shi ya biyo mu gida bayan la'asar. Bai taɓa shayin da na kawo masa ba.

Ya ce, "Yaya, ba zan ɓoye muku ba. Jijiyoyin da ke kai wa tsoka saƙo ne suke mutuwa. Akwai maganin da ke ɗan ja masa birki, amma wanda zai tsayar da shi, har yau ba a samu ba."

Maigidan ya ce, "Zuwa yaushe?"

"Wannan sai Allah. Amma duk abin da kake son yi da ƙafarka, ka yi shi da wuri."

Da baƙon ya tafi, na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji ni. Da na fito na tarar ya shimfiɗa taswirar, ranar ba ma Juma'a ba ce. Ya ce hawan ƙololuwar dutse na wuni guda da ya sa a cikin shirin, a cire shi, dama ni ba so nake ba. Ya ja layi a kai. Ya ce sauran duk suna nan.

Ba su zauna ba. Yuni ya zo ana cikin gwada masa magani, likitar ta ce a ɗan dakata, muka mai da tafiyar Satumba. Kafin Satumba ya fara dogara sanda, aka kuma ce ya bar tuƙi. Zango uku daga cikin bakwai sai an bi hanyar duwatsu da mota mai ƙarfi, har da nasa na jan bango. Ni kuwa tuƙina bai wuce daga gida zuwa kasuwa ba, su kuma can ta hagu suke bi. Na ce zan koya. Ya dube ni ya ce, "Khalas, shi ke nan, Hajiya, bar shi." Ya soke ukun. Layin da ya ja a karkace ya fita, ya haura kan wani tsauni da ba ruwansa.

Wata rana ya ce in shimfiɗa masa bargo a falo, yana so ya ga ko zai iya tashi daga ƙasa shi kaɗai. Ya kwanta. Ya juya gefe, ya dafa, hannun ya lanƙwashe. Ya sake. Na miƙa hannu ya ce in bari. Ya fi minti goma yana fama, gumi ya jiƙe masa riga, daga ƙarshe ya kwanta rigingine yana kallon silin. Sai da na sauka na kira mai shagon ƙasa muka ɗaga shi tare. Maganar tanti ta mutu a ranar, ba wanda ya furta. Juma'ar da ta biyo baya ya ce ya gano akwai ɗakunan haya a bakin tsaunukan nan masu kama da akushi, har da wanda aka yi wa masu keken marasa lafiya. Daga can ana iya ɗaukar mota a kai mutum wuraren da ake hango komai ba tare da ya sauka ba. Muka koma neman waɗannan. A lokacin ni ke riƙe biron, shi yana faɗa. Satumba ta wuce, zafin can ya shigo, muka ce sai Mayu.

A tsakanin nan ne muka yi faɗan da har yau nake jin ciwonsa. Na gaji. Ni ke yi masa wanka, ni ke ɓalla masa maɓalli, ga 'yarmu kullum a waya tana kuka tana cewa mu dawo gida. Ya ce in duba masa ko wurin hangen nan na gabas yana da matakala. Na ajiye biron na ce, "Malam, don Allah mu bar yaudarar kanmu. In tafiya ce, ga Makka nan kusa, mu je mu yi umra mu roƙi Allah, mu tattara mu koma gida."

Harshensa ya fara nauyi a lokacin, sai ya shirya magana kafin ya fitar da ita.

"Har kin gama binne ni?"

Na rantse masa ba haka nake nufi ba. Ya ce ya sani. Umrar mun je, an tura shi a keke ya yi ɗawafi, ya yi kuka sosai. Amma Juma'a uku bai ce a ɗauko taswira ba, ni kuma na rasa bakin da zan ce a ɗauko.

A watan Maris aka gwada numfashinsa. Likitar ta ce tsokar ƙirjin ta fara rauni, zai riƙa kwana da na'ura. Ya tambaye ta tafiyar. Ta tambayi awa nawa ne a jirgi, da nisan wurin daga babban asibiti. Da ya faɗa mata, ta rufe fayil ɗin ta ce ba za ta iya sa hannu ba. A watan ne kuma kamfanin ya kira shi. Sun yi masa mutunci, ba zan ce ba su yi ba, sun bar shi yana aiki daga gida kusan shekara. Amma aikin ya ƙare, kamfanin kuma shi ne kafil ɗinsa, wato zamanmu a ƙasar a hannunsu yake, ni kuma a ƙarƙashinsa nake. Aka ba mu wa'adin tattara kaya. Bizar Ostareliyar ta mutu a cikin fasfo ba a taɓa amfani da ita ba. Ni na rubuta wa masu ɗakin na soke. Suka amsa da cewa suna fatan ganinmu wani lokaci.

Ana saura mako guda mu tashi, falo duk kwalaye, ya yi mini alama da ido in kawo taswirar. Na riƙe masa ita a gabansa. Ya ce in da za mu je, kwana ɗaya tak, ina zan zaɓa. Sai da ya maimaita sau biyu na gane. Na nuna wani zango a bakin rafi da na tuna hotonsa, mai inuwa.

Ya ce, "Bishiya."

Na ce to, na mai da yatsana can gefe, fili.

Ya ce, "Banɗaki fa?"

Na ce na yafe. Ya so ya yi dariya, yawu ya sarƙe shi, na jefar da takardar na ɗago shi ina bubbuga bayansa har ya dawo daidai. Ba mu ƙara maganar ba. Tantin na ba wa wani direba ɗan Katsina da ya taya mu kai kaya. Taswirar ban san kwalin da ta shiga ba, akwai guda huɗu da ban buɗe ba har yanzu.

Wata takwas ke nan muna Bauchi. Ba ya magana yanzu, sai ido, sai ɗan yatsa ɗaya na dama. Na'urar numfashin ba ta son ɗaukewar wuta, don haka kunnena kullum yana kan janareta. Likitan da ke duba shi a nan ya ce lokaci ya yi da za a sa masa robar abinci ta ciki. Na tambayi maigidan, ya rufe ido sau biyu, wato a'a. Zan sake tambayarsa.

Yayansa yakan zo duk Asabar daga ƙauye da rubutu a gora. Yakan zauna a bakin gado ya ce, "Ai jiki ya yi kyau, kwanan nan za ka miƙe da yardar Allah." In ce amin. In kaɗa rubutun da ɗan kunu don ya yi kauri, in ba shi da ƙaramin cokali. Asabar ɗin da ta wuce cokali biyu ya iya haɗiyewa, na ukun ya dawo ta gefen baki, na goge masa da bakin mayafina.