Ranar da Muka Juya da Tukwane

A shekarar da cutar kalazar ta kwantar da maigidana, riɗinmu ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Har yau abin yana ba ni haushi in na tuna. Faddan huɗu ne kacal, kamar eka huɗu, a bayan ƙauyenmu da ke kan hanyar Simsim, amma duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce masha Allah. Mai gonar kuwa yana kwance a asibiti a Gadarif, ciki ya kumbura, kullum ana soka masa allura, ƙaninsa na jinyarsa. Ni aka bari da yara uku, babbarsu ba ta kai ɗaukar tulu ba.

Wanda bai noma riɗi ba ba zai gane halin da na shiga ba. Dawa tana da haƙuri, ko wata guda ka bar ta a tsaye za ka dawo ka same ta. Riɗi kuwa da zarar ganyensa ya yi rawaya ya fara kakkaɓewa, kwanaki kaɗan gare ka. Dole a yanke shi da sauran ɗanyensa, a ɗaure dami-dami, a jingina damman a tsaye su bushe. In ka yi sakaci kwanson ya buɗe baki a kan karansa, ƙwayar za ta zube cikin tsagar baƙar ƙasar nan tamu, kuma abin da ya faɗa tsagar nan ya zama na tururuwa. Da gonar nan za mu ci shekara, da ita kuma zan ciyar da mara lafiya in Allah ya tashi kafaɗunsa.

Don irin wannan ne iyayenmu suka bar mana gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir. Maza su fito da laujensu da asuba, ba a biyan kowa. Mu mata kowace ta auno garin dawa daga ɗakinta, a haɗa a tuƙa asida, wato tuwo, mu ɗauka a ka mu kai musu gona lokacin fatur, wato da hantsi. Kakanninmu makiyaya ne kafin su zauna su riƙi lauje, kuma da tsarin bakin rijiya suka tsara gayyar: ramammiyar dabba da mai ciwo ake fara shayarwa, ƙosassu su jira. Saboda haka gonar mara lafiya da ta matar da mijinta ya rasu su ne na farko. Ta shehun ƙauye da ta liman su ne na ƙarshe.

Ban san ranar da abin ya kife ba, don a hankali ya kife. Wata shekara aka ce shehu zai yi tafiya, a fara da tasa. Wata shekara aka ce ai liman ba shi da lokaci, yana hidimar jama'a. Kafin mu farga ya zama ƙa'ida. Gonar shehu kuwa sai ka hau jaki kafin ka zagaye ta, yana da halin ɗaukar 'yan ƙodago daga Fashaga ko hamsin ne, amma hannun banza ya fi masa daɗi. A da mai gona yakan yanka akuya a sa a miya. Shi a shekarar da ta gabaci wannan, albasa biyar ya aiko mana, ɗaya ma ta ruɓe.

Ranar Juma'a ina shanya a tsakar gida na ji liman a lasifikar masallaci yana shelar gayyar bana. Asabar zuwa Litinin gonar shehu, Talata da Laraba tasa, sauran jama'a kuma in Allah ya so. Na lissafa da yatsuna. Kafin a kawo kaina babu abin da za a tarar sai kara.

Da la'asar na yafa mayafi na tafi ƙofar shehu. Na same shi a kishingiɗe a rumfarsa, ana zuba masa shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Malesh, sai haƙuri, 'yata," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "An riga an yi shela. In na sauya saboda ke, bukra, gari na wayewa, kowa zai zo da nasa kukan. Nizam ai nizam ne, ba a taɓa tsari."

Na ce, "Baba Shehu, nizam ɗin da na tashi na gani, mara lafiya ne a gaba."

Ya ɗaga hannu ya ce halas, shi ke nan, zai duba. Na san irin dubawarsa.

Na wuce wurin liman. Shi ya fi iya magana, har da sunkuyar da kai. Ya ce in yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta zan ci ba zai wuce ni ba, ya yi wa maigida doguwar addu'a. Na ce amin, don addu'a ba a ƙinta. Amma da na miƙe bakina ya ƙi zama, na ce, "Allah gafarta Malam, naka riɗin ma ai Allah ya rubuta, me ya sa shi ba a bar shi ya yi haƙuri ba?" Ya ja carbinsa da sauri ya ce mata dai, mata dai. Na juya na fito.

Ranar Asabar na auna garina na kai tukunyar gayya kamar kowa, don kada a ce matar wane ta ƙi. Wannan mudun ya fi komai ci mini rai: garin 'ya'yana zai tafi ciyar da masu yankan riɗin shehu. Daga nan na ɗauki laujen maigida na shiga gonata ni kaɗai. Na yi yanka har azahar, hannuna ya yi kanta ya fashe, da na ɗago na duba sai na ga ko kusurwa ɗaya ban ci ba. A ƙasan wasu karan kwanson ya riga ya fara tsagewa. Na zauna a kunya na yi kuka mai isata.

A bakin hanyar gonaki akwai wata Bahabashiya da ke zuwa duk kaka tare da 'yan ƙodago, ta kafa 'yar rumfa tana sayar da jabana, wato gahawa. Kirista ce, da ɗan gicciye a wuyanta, mun saba gaisawa da Larabci. Ta hango ni ina wucewa ta kira ni, ta kama hannuna ta juya, ta shafa mini mai, ta zuba mini kofi ta ƙi karɓar komai. Na zayyana mata duk abin da ya faru.

Ta girgiza kai ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, har a littafinmu an yi maganar irin waɗannan. Limamin cocinmu ya taɓa karanta mana." Ta ce an kira su makiyayan da ke kiwon cikinsu. Su sha nono, su sa ulu, su yanka mai ƙiba, amma ba sa ɗaure wadda ta karye, ba sa neman wadda ta ɓata. Na tambaye ta to yaya aka ƙare da su. Ta ce Mai garken ya ce zai karɓe garkensa daga hannunsu.

Ni jikar makiyaya ce, ba sai an yi mini fassara ba. Mu ma malamanmu sun sha faɗa mana cewa duk wanda aka ba kiwo za a tambaye shi. Abin da ya tsaya mini shi ne, mu garken, mu ne muke kai musu nonon da ƙafafunmu.

Ban koma gida ba, na zarce wurin Gwaggo, yayar mahaifin maigidana. A gidanta ake tuƙa asidar gayya tun ina amarya, kuma ko shehu sai ya gyara zama in ta shigo. Na faɗa mata komai, har da maganar Bahabashiya. Ta ci gaba da tsince kuɓewarta. Can ta ɗago.

"Garin wa ke cikin tukunyar?"

"Namu ne, Gwaggo."

"Wuyan wa ke ɗauka?"

"Namu."

"To kwayyis, ya yi. Je ki jiƙa hannunki a ruwan gishiri. Gobe kada ki makara."

Washegari muka tuƙa kamar kullum, mu wajen ashirin. Muka jera da tukwane da ƙwaryoyi a ka, Gwaggo na gaba da sandarta. Akwai wata aduwa inda hanya ta rabu biyu: dama gonar shehu, hagu tamu. Da muka iso Gwaggo ba ta ko rage tafiya ba, ta karya hagu. Layin ya tsaya cak. Wata ta ce, "Gwaggo, ba nan ba ne."

"Ni tukunyata yau gonar mara lafiya za ta," in ji ta ba tare da ta waiwayo ba. "Wadda wuyanta na shehu ne ta yi dama."

Na tsaya ina kallonsu, don in suka yi dama na shiga uku, na zama abin nuni a ƙauye kuma riɗin ya tafi. A cikinmu har da matar liman, kuma ita kowa ya zuba wa ido. Ta gyara gammonta, ta ce, "Ni dai miya ce a kaina, kuma miya ba ta rabuwa da asida." Ta bi Gwaggo. Aka kwashe da dariya, layi ya karkata hagu gaba ɗaya. Mutum biyu ne kawai suka koma gida, surukan shehu, kuma ban ga laifinsu ba.

Muka sauke kaya a inuwar bakin gonata. Lauje biyu ne da mu, muka fara karɓa-karɓa, sauran suna ɗaure dami. Rana ta ɗaga, lokacin fatur ya wuce. Sai ga babban ɗan Gwaggo a kan jaki, mutum mai furfura a gemu, ya sauko yana share gumi.

"Inna, shinu, me ya faru? Ɓatan hanya kuka yi? Mutane can yunwa ta kusa kayar da su."

"Ni da na girmi hanyar?" in ji Gwaggo. "Ka ce musu fatur yana nan. Kafin ka tafi, sunkuya ka duba gindin karan can."

Ya sunkuya. Ya ga farar ƙwaya a warwatse a ƙasa, ya dangwala da yatsa ya daɗe yana kallo. Gonar ɗan kawunsa ce, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ya hau jakinsa ya juya.

Ba zan manta abin da na gani bayan kamar rabin sa'a ba. Ƙura ta fara tashi daga wajen aduwar, sai ga maza a jere, lauje a kafaɗa, sun fi talatin. Wasu kansu a ƙasa don kunya, wasu na dariya. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, mata suka amsa mini, har Bahabashiya ta fito daga rumfarta tana tafi. Ba zan ce duka tausayi ne ya kawo su ba, yunwa ma ta yi nata aikin, kuma ni ban damu da wanne ya fi yawa ba. Suka ci suka sha shayi, ɗan Gwaggo ya ce yalla, suka faɗa gonar daga gefe huɗu.

Liman ne ya zo a ƙarshe, a hankali, yana dogara lema. Ya yi sallama ya nufi inda ƙwaryar abinci take. Gwaggo ta tare shi da fara'a, ta ce, "Marhaba da Malam. Ga naka an rufe." Sai ta miƙa masa lauje kafin ta miƙa masa ruwan wanke hannu. Ya dubi laujen, ya dubi matarsa da ke ɗaure dami ta ƙi ɗagowa. Sannan ya ajiye lemar, ya naɗe hannun jallabiyarsa. In faɗi gaskiya ya iya yanka, ashe da can ya yi. Da azahar shi ya ja mu salla a bakin gonar, da ƙaiƙayi a gemunsa.

Shehu bai zo ba. Ya aiko a ce zai kai ƙara, har yau ba mu ga wanda ya kai wa ba. Kwana biyu bayan nan muka ga mota ta sauke masa 'yan ƙodago, ashe kuɗin suna nan. Mu kuwa kafin magariba an gama gonata, damma a tsaye reras. Litinin tukwane suka tafi gonar wata tsohuwa da ba ta da kowa, Talata ta wani da ya karye a ƙafa. Babu wanda ya sake jiran lasifika, da safe maza sukan tambayi matansu ina Gwaggo ta nufa. Ta liman ma an yanke masa, ranar Alhamis.

Bayan mako biyu damman suka bushe. Muka shimfiɗa tabarmi, muna kifa dami muna kaɗawa, ƙwaya na zuba shaa kamar ruwan sama a kan kwano. Na yi asarar wani abu, ba zan ɓoye ba, amma abin da na ɗinke a buhuna ya cika rabin ɗaki.

Maigida ya dawo a bayan wata motar kaya, ya rame har na kusa kasa gane shi. Tun a asibiti ya riga ya cire rai, ƙaninsa ya ce ko sau ɗaya bai tambayi gonar ba don kada a faɗa masa. Da ya huta ya sha kunu, ya ce mini cikin sanyin murya kada in damu, in ya ji ƙarfi zai tafi Mafaza ya nemi aikin ƙodago mu samu na hatsi. Na kama hannunsa na tashe shi, na kai shi ƙofar ɗakin na tura.

Ya tsaya yana kallon buhunan. Ya kwance bakin ɗaya, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo ya bari yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Na wa ne?"

"Naka."

"Wa ya yanka?"

Na ce, "Zauna tukuna. Labarin da tsawo, kuma har da liman a ciki."

Ya zauna a kan buhun, ya rufe fuska da tafin hannunsa, kafaɗunsa na girgiza. Na ɗauka kuka yake, kuma kukan ne, sai dai da dariya a ciki.