Ranar da Aka Karrama Kekena da Inuwa

A shekarar da damina ta leƙo Damagaram ta ga halinmu ta juya, ina tuƙa adaidaita mai batir a cikin Zinder. Wani mai walda a Kara-Kara ya ɗora mini faifan sola a rufinta, wanda muke ce wa pano. Na ji a rediyo manyan biranen duniya sun fara yi wa motocinsu haka, sai na riƙa gaya wa fasinja cewa ni da mutanen Sin kaɗai muka gane sirrin. Gaskiyar magana, panon ba ya taɓuka komai sai an bar shi ya gasu kamar kilishi. Rana kuwa ita kaɗai ce ba a bi wa layi a shekarar nan.

Wata safiya aka aiko daga ƙauyenmu, can gaba da Mirriya, cewa fitsarin Kawu ya ɗauke tun jiya. Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na girma. Mota ba ta shiga ƙauyen, shanun amalanke kuma an sayar, waɗanda suka rage da ƙyar suke ɗaga kai.

Rairayin hanya ya shanye mini batir, na isa da hantsi allurar awon caji na taɓa ja. Na ajiye keken a tsakiyar fili, inda ko ƙadangare ba ya tsayawa, na shiga gida. Kawu na kwance, mararsa ta kumbura kamar ƙwarya, gumi na zuba masa. Na ce mu tafi likita, wato asibiti, a Mirriya. Ya ce ba ya motsawa sai babban ɗansa ya dawo daga rijiya, rijiyar kuwa ta yi nisa har ana cewa a wata ƙasa take. Na zauna ina yi masa fifita, ina lallashin zuciyata: ai keke na can yana shan rana.

Bayan azahar ɗan ya dawo. Taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna. Muka fito, na duba fili, wayam. Can na hango keken ƙarƙashin gawo, an lulluɓe rufin da zana, an ɗora tabarma, an ƙara da tsohon bargo.

Dattijon maƙwabcin Kawu ya taso yana murmushi. “Ɗan nan, wa ke barin abin hawan baƙo a rana? Ko jaki ne ai a ja shi inuwa. Na taɓa rufin, sai da hannuna ya ƙone.”

Na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.” Na leƙa cikin keken. Allura tana nan inda na bar ta.

Muka kwantar da Kawu a baya, Inna matarsa ta riƙe masa kai. Keken ya yi ta jan ciki, kowane tudun rairayi sai ya yi nishi, Kawu ya amsa masa. Muna hango bishiyoyin Mirriya daga nesa keken ya tsaya ɗif.

“To, mutumin Sin,” in ji taubashina, “sai me?” Ko dariya bai yi ba.

Rana ta karkata yamma, ba ta dukan rufin sosai. Na kwance panon, na jingina wa taubashina a ƙirji, na ce ya fuskanci rana kada ya motsa. Muka tsaya. Kawu ya fara kiran sunayen ’ya’yansa yana faɗin wanda zai riƙe gona.

“Kawu, bar rabon gado,” na ce. “Gonar da ko ciyawa ba ta yi bana, wa zai karɓa?”

“Ja’iri,” ya ce, ya runtse ido. Leɓunansa sun bushe, kuma ba halin a ba shi ruwa.

Na zuba wa allura ido har hawaye suka cika mini. Inna ta ce mu tura kawai. Na ce rairayin gaba ba ya turuwa da mutum a ciki. In mun jira, Kawu na wahala. In mun tashi da wuri, mu maƙale inda ba kowa. Da allurar ta ɗaga kamar silin gashi, na mai da panon, Inna ta sauka, taubashina ya sa kafaɗa a baya. Na murza a hankali ina roƙon keken kamar mai biko.

Rana ta yi ja muka shiga ƙofar likita, ƙarshen tafiyar kuwa da ƙarfin ƙirjin taubashina aka yi shi. Ma’aikacin jinya ya taɓa marar Kawu, ya kore mu waje, ya ɗauko robar fitsari. Muka jingina da bango. Can muka ji Kawu ya ja wata doguwar hamdala, wadda na rantse har Zinder an ji ta. Inna ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi.

Ma’aikacin ya leƙo ya ce, “Tsohonku na tambaya ko an zo da fura.”