Ranar da Na Sandare a Bayan Tirela

Ko da tsufa zai cinye mini ƙwaƙwalwa har in manta hanyar gonarmu, ba zan manta da ranar da na ci gasar nuna ƙwanji a Tudun Wada ba. Na ci, wannan babu gardama, akwai hoto. Abin da hoton bai nuna ba shi ne, lokacin da aka ɗauke shi mutuwa nake yi, jama'a kuma suna tafi.

Zamanin soja ne, da aka ce za a koma siyasa, kowane ɗan kwangila ya tashi neman suna. Ni kuwa saurayi ne a wani ƙauye kusa da Doguwa. Na bar sakandare tun ban yi nisa ba, don babanmu ya ce gona ta fi buƙatata. Ban iya komai ba sai ƙarfi. Mu samarin unguwa mun cika gwangwanayen fenti da siminti, mun soka bututun famfo a tsakani, kullum da yamma muna ɗagawa a gindin mangwaro. Buhun masara ni kaɗai nake cilla shi cikin mota.

Sai labari ya zo cewa wani Alhaji ɗan kwangila zai haɗa samarin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a tuɓe riga a ga wanda ya fi ƙira. Wanda ya zo na ɗaya zai tafi da shi Kano, ya ba shi gadin sito, da ɗaki, da albashi. Ku da kuka tashi da lantarki ba za ku gane ba. Ni a lokacin, in aka ce ɗaki a Kano, to an gama magana. Ko dai in ci gasar nan, ko in mutu da fartanya a hannu.

A nan taubashina ya shigo, ɗan Goggo yayar babanmu. Ya ɗan zauna a birni yana tallar kaset, ya dawo da wata tsohuwar mujallar Turawa marar bango da kuma baki. Shi ya naɗa kansa kocina, ba wanda ya roƙe shi.

Ya ce, "Ɗan kawu, ƙarfi kana da shi, amma jikinka sumul yake kamar tulu. Dubi wannan Baturen. Ka ga jijiyoyi kamar saiwar rogo? Ruwa suke cirewa."

Na ce, "Ruwan me?"

"Ruwan da ke tsakanin fata da nama. Kai duk kunu ne a jikinka."

Haka ya hana ni gishiri. Ya huda buhun takin zamani ya zura mini kamar riga, ya zaunar da ni a rana tsakiyar bazara, ya ba ni gwangwani in riƙa tofa yawu. Inna ta leƙo ta gan ni, ta ce, "Wannan kuma wane irin horo ne? Me ka sata?" Taubashi ya ce, "Kimiyya ce, Inna." Ta yi tsaki ta koma.

Ana gobe gasa ya zo yana murmushi, hannunsa a aljihu. Goggo tana fama da kumburin ƙafa, asibiti sun ba ta wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya mai sa fitsari. Ya ce, "Ka tuna ƙafar tsohuwa da? Kamar turmi. Je ka gan ta yau, har jijiyoyi sun fito raɗau. To tsohuwa ke nan, rabi take sha. Ina ga ƙato irinka?" Ya zazzage mini a tafin hannu. Na tambaye shi ko Goggo ta sani. Ya ce ta warke, ba ta buƙata. Na haɗiye da yawu, don ya ce ruwa zai ɓata aikin. Da asuba ya ƙara mini wasu.

Har yau in na tuna, abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda maganar ta yi ma'ana a kunnena. Ƙafar Goggo ta saɓe, na gani da idona. Wa zai ce mini ƙarya ne?

Muka hau a-kori-kura ta 'yan kasuwa zuwa Tudun Wada, mu a baya tare da buhunan barkono da akuya guda da wata tsohuwar Bafulatana mai ƙwaryar nono. Ba mu bar gari ba na buga rufin mota. Direba ya tsaya, na sauka da butata. Muka ɗan taɓa tafiya na sake bugawa. A karo na gaba ya leƙo ta taga ya ce, "Kai ƙato, rijiya ka haɗiye ne?" Da muka shiga dajin Falgore ya rantse ba zai tsaya ba ko uban wa ya buga. Na buga. Ya tsaya. Na tsuguna a bakin titi, wani gwaggon biri yana zaune a kan dutse yana kallona, fasinjoji suna zagina da Hausa da Fulatanci.

Ku duba wannan hauka. Ga buta cike da ruwa a hannuna, ina tsarki da shi, harshena kuwa ya bushe kamar kilishi, amma ba ni da izinin kurɓa. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗana, leɓenka ya tsage. Ungo nono, ban ce ka biya ba." Na miƙa hannu, taubashi ya buge shi. Ya ce, "Inna, magani yake sha." Ta ce, "Wane irin magani ne mai hana mutum ruwa? Ko saniya ba a yi mata haka." Ya yi dariya ya ce ba za ta gane ba.

Da azahar a masallacin tasha na zauna alwala. Ina kurkurar baki ya tsuguna a gabana ya zuba wa maƙogwarona ido. Ya ce, "Tofar. Na ga ya motsa. Tofar duka."

Bayan la'asar aka taru a wani fili. Dandamalin bayan tirela ne, an shimfiɗa tabarmi. Dattawan gari sun ce ba za a yi musu tsiraici ba, saboda haka kowa da gajeren wando har gwiwa. Ga masu kalangu, ga mai sanarwa da lasifika, ga Alhaji a kujera yana fifita da hularsa. Taubashi ya shafe ni da man gyaɗa tun daga wuya har idon sawu, ina ƙamshi kamar ƙuli-ƙuli. Gaskiya jijiyoyin sun fito. Na dubi damtsena ban gane shi ba. Amma ƙasa tana ɗan juyawa, kunnuwana suna ƙara, zuciyata kuma tana bugawa tana tsallake, kamar injin niƙa da mai ya kusa ƙare masa. Na gaya masa. Ya ce, "Alamar nasara ce."

Aka yi ta zubar da mutane har muka rage mu biyu, ni da wani maƙeri daga Bebeji, baƙi, gajere, mai faɗin ƙirji kamar ƙofa. Na gan shi da idona kafin mu hau yana shan fura a kwano, har da suɗe hannu. Mai sanarwa ya ce kowa ya ɗaga hannuwa biyu ya murɗe damtse, a ga wanda zai burge. Na ɗaga. Na murɗe iya ƙarfina.

Sai na ji wani abu ya kama ni daga sha-raɓa, ya hau cinya, ya ɗaure ciki, ya riƙe kafaɗu. Duk naman jikina ya dunƙule lokaci guda. Muƙamuƙina ya kulle, haƙora a waje. Irin ciwon nan da ke kama ƙafa in mutum ya yi miƙa, to shi ne, amma ko'ina, har yatsu. Na so in yi ihu, ba hanya.

Filin ya ɗauki sowa. Masu kalangu suka ƙara wuta. Maƙerin ya riƙe, ya riƙe, ya gaji ya sauke hannu yana haki. Ni ina nan. Ƙudaje suka ji man gyaɗa suka sauka mini a fuska, ɗaya yana yawo a kan haƙorina. Mai sanarwa ya ce, "Jama'a ku dubi horo! Ko ƙuda bai isa ya motsa shi ba! Ga shi har murmushi yake yi!" Ina jin muryar taubashi a ƙasa yana cewa, "Ni na koya masa! Ni ne kocinsa!"

Aka ce na ci. Alhaji ya hau tirela da babbar riga, ya miƙo mini hannu. Hannuna yana sama. Ya jira, ya ce, "To ya isa, samari, an gani." Ina nan. Fuskarsa ta fara canzawa, ya zaci raini ne. Ya ɗan tura ni a kafaɗa ya ce, "Kai, da kai nake." Na tafi da baya gaba ɗaya kamar an tuge ƙyaure, na faɗi rigingine, hannuwana a yadda suke.

Kuna tsammanin an ce a kawo likita? Samarin ƙauyenmu suka ce maƙerin Bebeji ya ɗaure ni da asiri, suka yi kansa, bawan Allah da bai san komai ba sai fura. Wani dattijo ya tsuguna yana tofa mini addu'a. Wani ya kawo bokiti ya kwara mini a jiki, ruwa yana bin man gyaɗa yana zubewa, ko ɗigo bai shiga bakina ba. Da wani mai hankali ya kawo kofi, sai na ji taubashi ya daka tsawa: "Kar ku ba shi! Mai hoto bai ɗauka ba tukuna!" Wallahi haka ya ce. Suka ɗaga ni tsaye, mutum biyu suka ɓuya a bayana suna tallafe da ni, aka ɗauki hoton. Bayan nan ban ƙara ganin komai sosai ba.

An ce sun yi ƙoƙarin cusa ni a tasi, hannuwa suka hana. Sai aka kwantar da ni a bayan a-kori-kura. Na ɗan farfaɗo na ga fuskar direban nan na safe a kaina. Ya ce, "Kai ne kuma? To yanzu dai ba ka iya buga mini rufi."

A asibiti wata sista ce ta karɓe ni. Ta tambayi abin da na sha. Taubashi ya fara cewa asiri ne, ta ce ya rufe mata baki ya zazzage aljihunsa. Da ta ga ragowar ƙwayoyin sai ta yi salati. Daga baya, da na dawo hayyacina da allurar ƙarin ruwa a hannu, ta tsaya a kaina ta yi mini bayani ba tare da ladabi ba, kuma na gode mata. Ta ce ƙwayar nan ba ta san ruwan banza da na kirki ba, duka take kora, ta tafi da gishirin jini wanda nama da zuciya suke aiki da shi. Ta ce zuciya ma nama ce. Abin da ya kama mini ƙafa da hannu, saura kaɗan ya kama ta. Ta ce, "Da an ƙara tsayawa ɗaukar hoto na biyu, da gawa suka kawo mini."

Leda bayan leda suka mayar mini da ruwan da na zubar a hanyar Falgore. Ina kwance ina kallonsa yana ɗiga. Alhaji bai zo ba. Ya aiko yaronsa na kanti da kyautar na ɗaya, wata jar kula ta zuba ruwan sanyi, da saƙon cewa ba zai ba da gadin sito ga mai farfaɗiya ba. Maƙerin Bebeji ne Alhaji ya tafi da shi, da kumburarren ido. Ya zauna Kano, ya yi gida, na ji har Makka ya je.

Goggo kuwa, da maganinta ya ɓace ƙafarta ta koma turmi. A haka ta zo duba ni, tana jan ta. Ta tsaya a bakin gado ta ce, "Duk abin sata a duniya ka rasa sai maganin tsohuwa?" Na dubi ɗanta. Yana kallon silin. Har ta rasu a wurinta ni ne ɓarawon, shi kuma yaron kirki ne da ya raka ni asibiti.

Na koma gona. Ƙarfin bai dawo kamar da ba, na daina ɗaga buhu ni kaɗai. Shekaru suka wuce, sai na ga takalmina yana matse ni da yamma. Likita ya auna ya ce ƙoda ce ta yi rauni. Da na ba shi labari ya ce ba zai rantse ba, amma mai yiwuwa tun ranar ta samu tabo. Ya rubuta magani, na kai aka ba ni. Na buɗe takarda na ga 'yar ƙaramar farar ƙwaya. Na yi dariya a gaban mai ba da magani har ya tsorata. Ita ce. Rabi nake sha, kamar Goggo.

Taubashi yana nan da ransa, da tumbi, lafiyarsa ƙalau. Duk taron suna sai ya ba da labarin, a yi ta dariya, ya nuna yadda na faɗi. Hoton ma a shagonsa yake rataye.

Abin da na koya ba shi da yawa. Maganin da aka rubuta wa marar lafiya, in mai lafiya ya sha, shi ma layin asibiti zai bi. Ruwan da ke jikinka ba kunu ba ne, da shi kake raye. Kuma in mutane suna yi maka tafi, ba su san abin da ke faruwa a ƙirjinka ba, ba su kuma damu su sani ba. Yanzu samari suna wucewa ta ƙofar gidana da damatsa kamar an hura, ina jin suna maganar ƙwayoyin busar da jiki. Ba na yi musu wa'azi. In na ga mai saurare, sai in ɗage wando in nuna masa ƙafata, in buɗe jar kular nan, in zuba masa kofi guda, in ce ya shanye a gabana.