Gwangwanin Iya Tabawa

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ina 'yar shekara tara, kuma ban taɓa kwana da fargaba irin ta lokacin ba. An yi shela cewa kowa ya kai tsofaffin kuɗinsa banki kafin wa'adi ya cika. Kafin maganar ta tsallako gada ta iso unguwarmu a Wudil, ta yi ƙafafu da fukafukai: wai za a bi gida-gida, wanda aka samu da ko anini ɗaya sai gidan yari.

Mu kuwa muna da gwangwani guda. Na kakata ne, Iya Tabawa, mahaifiyar babana. Mijinta mai fito ne a kogi, kuma duk sabon kuɗin da ya fara shiga hannunsa sai ya ware guda ya ba ta. Akwai anini, da kobo mai huda, da taro, da sisi, duk sun yi baƙi ƙirin don yawan juyawa. Babana ya yi roƙon duniya.

"Iya, ki bari in kai musu. Hukuma ba abin wasa ba ce."

"Hukumar ce ta ba ni?" in ji ta. "Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Abin da babu wanda ya sani shi ne, ni da bakina mai kama da rariya na riga na yi wa wata ƙawata burga da gwangwanin, ubanta kuwa ɗan sanda ne.

Kullum bayan magariba Iya kan zauna gaban murhu tana suyar kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Ran nan ta dube ni ta ce, "Ƙawata, yau kin yi tsuru-tsuru kamar kazar da ta ga wuƙa. Matso, ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya kama." Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai an yi wani sarki da ya hau mulki ya buga kuɗi da tambarinsa, ya ce a tattaro na ubansa duka a narke, wanda ya ɓoye a yanke masa hannu. Wata tsohuwa ta ɓoye guda a gindin randa. Da sarkin ya tsufa, kewar ubansa ta kama shi, ya nemi ko da kuɗi ɗaya mai tambarin uban, aka rasa. Sai ya sa aka yi shela: wanda ya kawo, za a ba shi doki da gona.

Daidai nan aka yi sallama a zaure. Na ce a raina shi ke nan, an zo tafiya da Iya, kuma ni na ja mata. Ina jin muryarta tana ci gaba, amma kunnena na ƙofa. Ashe maƙwabci ne ya zo aron fitila. Kafin hankalina ya dawo har ta ce ƙurunƙus, ta soma raba mana kifi. Wa'adi ya zo ya wuce, ba wanda ya leƙo gidanmu, ni ma ban taɓa tona kaina ba.

Da Iya ta rasu, gwangwanin ya dawo hannuna. Bara ɗana ya ce akwai wani malami a jami'a mai tara tsofaffin kuɗi, yana son ya gani. Na ji kunyar in nuna wa mai ilimi abu baƙi haka. Na zauna da toka da lemon tsami, na dirje su ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli.

Da muka kai masa, malamin ya daɗe yana juya su a tafin hannu. Ya ce hukumar da ta tattara su a da, yanzu ita ce ke neman irinsu don adanawa, har tana buga wasu musamman saboda masu tarawa. Sannan ya ɗago kai ya dube ni.

"Hajiya, wa ya wanke su?"

"Ni ce. Laifi ne?"

"Ayya. Ai baƙin nan shi ne darajarsu. Ba a wanke tsohon kuɗi."

A nan ne ƙarshen tatsuniyar ya faɗo mini, wanda kunnena ya ɗauka ran nan ban sani ba. Tsohuwar ta ji kunyar kai wa sarki abu mai dauɗa, ta goge shi da yashi har tambarin ya shafe. Sarki ya duba, ya ce bai ga ubansa ba.

Shekaru da yawa ina zaton darasin Iya shi ne kada a ji tsoron ɓoye abin da ake ƙauna. Ashe rabi na ji. Na yi ta jiye wa gwangwanin nan tsoron 'yan sandan da ba su taɓa zuwa ba. Baƙin da ke jikin kuɗin kuwa na yatsun Iya ne, da man kifinta, kuma ni da hannuna na wanke shi.