Ajiyar Tsohon Ba'armeniye

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina koyar da tarihi a wata sakandare a Daura, ina kuma ji da kaina ƙwarai. A ganina babu daular da ban san tashinta da faɗuwarta ba. Wani tsoho mai gyaran injin niƙa ne ya sauke mini wannan girman kai.

Kowa a unguwarmu Kwara yake ce masa, don mu duk farin mutumin da ba Bature ba Kwara ne. Ya yi ta gyara mana har ya gaji ya haƙura. Ba'armeniye ne, Kirista. A Halab, wani birni a ƙasar Larabawa, aka haife shi, ya zo Kano yana saurayi zamanin cinikin gyaɗa, da kasuwar ta mutu ya gangaro Daura. Daga Zango har Mai'aduwa, duk injin da ya ƙi tashi shi ake ɗaukowa a babur. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba.

Wata la'asar muna zaune a bencin shagonsa ya ce, "Malam, kai da ka haddace tarihi, ka san jam'iyyar ubana?"

Na ce, "Baba, ko ƙasar taku ma a taswira kaɗai na taɓa ganinta."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ba ni labari. A wani gari da ke bakin babban tafki malaman makaranta da ɗalibansu suka kafa ta, a ɓoye, don mutanensu su samu ikon tafiyar da al'amuransu a ƙasar kakanninsu. Suna koya wa ƙauyawa karatu da kare kai. Ubansa, yana matashi, shi ne magatakardan reshen unguwarsu. Sai bala'i ya faɗa wa al'ummarsu, aka kashe na kashewa, aka kora wasu cikin hamada, saura suka watsu cikin duniya. Daga baya manyan da suka tsira suka narkar da jam'iyyar cikin wata sabuwa, har sunanta ya ɓace. Ubansa bai taɓa yarda ba. Har ya mutu yana cewa shi magatakarda ne, ba wanda ya sallame shi.

Ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin biskit da tsatsa ta ci. A ciki akwai takardu da suka yi ja don tsufa, cike da wani rubutu mai ƙugiyoyi da ban taɓa gani ba. Sunayen 'yan reshen ne, kowa da sunan ubansa da sana'arsa. A bayan takardun kuwa baƙaƙen Larabci ne da hatimi, don tsofaffin takardun hukuma uban ya samu ya yi rubutun a bayansu, kuma hukumar da ke mulkinsu a lokacin da waɗannan baƙaƙe take rubutu.

Ya ce, "Babu inda aka rubuta mutanen nan a duniya sai nan. Idona yana mutuwa. Ka zo da littafi, ni in karanta kai ka rubuta da boko, ko bayan raina wani zai iya furta su."

Na ce to. Kuma wallahi na yi niyya. Amma yau jarrabawa, gobe taron malamai, jibi muhawara a majalisarmu kan abin da Shari'a za ta gyara da abin da ba za ta gyara ba, inda bakina ya fi na kowa zaƙi. Wata biyu ina ce masa sai Asabar. Kafin Asabar ɗin ta zo yanar ido ta rufe masa gani har bai iya raba baƙi da baƙi.

Wani abokinsa a Kano ya matsa masa ya je a yi masa aikin ido, ya kuma zauna can har ƙura ta lafa, don a lokacin waɗanda ba Musulmi ba suna cikin zullumi, jita-jita ta yi yawa. Shi bai ji tsoron kowa a Daura ba, idon ne ya kai shi. Ranar tafiya ya kawo mini gwangwanin har gida ya ce, "Amana, Malam."

Na ɗora shi a kan katangar ɗakin ajiyarmu, kusa da buhunan gero, ban gaya wa kowa ko mene ne ba. Damina ta sauka, rufin ya yi yoyo daidai wurin, murfin ya ɓule.

Inna, mahaifiyata, ita ta gano shi tana share ɗakin. Ba ta yi boko ba, amma ta san baƙin Larabci in ta gan shi, kuma tun muna yara ko guntun takarda mai irin wannan rubutu ta tsinta a hanya sai ta ɗauke, kada a taka sunan Allah. Ta ga takardu sun jiƙe, gara ta fara ci, kashin ɓera a kansu. Ta shanya su, ta yi abin da ta saba yi wa tsofaffin takardun karatu da suka lalace.

Da na dawo daga makaranta ta tare ni da faɗa. "Kai da ake ce wa malami, ka bar rubutu a cikin ƙazanta? Na ƙone su, na fitar da kai kunya."

Na zauna a ƙasa daɓas. Ban iya yi mata ko tsawa ba, don ita daidai ta yi a saninta. Laifin nawa ne, na kuma san nawa ne.

Bayan kaka tsohon ya dawo da sabon tabarau. Tun daga bakin zaure yake murna. "Malam, ina gani! Har allura ina iya zura wa zare. Ɗauko gwangwanin da littafinka."

Na gaya masa. Ban san yadda maganar ta fita ba. Ya cire tabarau ɗin ya riƙe a hannu. Na ce ko zai iya tuno sunayen da ka. Ya gwada, ya kawo bakwai, a na takwas ya rasa sunan uban.

Inna ta ji daga ciki. Ta yafa mayafi ta fito zaure, tsohuwar da ban taɓa ganin ta ba wani haƙuri ba, ta durƙusa ta ce, "Ka yafe mini, bawan Allah. Ban san mutane ne a ciki ba."

Ya ce, "Hajiya, yaya kika ƙone su? A juji?"

Ta ce, "Subhanallahi, juji? Sai da na yi alwala. A sabon kasko na ƙona su. Tokar kuma na naɗe a farin ƙyalle na haƙa rami na binne a gindin lalle, can bayan ɗaki, inda ƙafa ba ta bi."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ce, "Mutanen nan a hanyar hamada suka mutu, Hajiya. Ko ɗayansu ba a yi wa likkafani ba, ba a haƙa wa kabari ba."

Ya dafa bango ya miƙe, ya mayar da tabarau ɗinsa, ya ce, "Malam, a gaya wa matan gida su ba ni hanya. Zan shiga gindin lallen nan in gaida mutanen ubana."