Baban Allura Ya Ajiye Maganaɗisu

Kafin mata masu aiki su fara shigowa da safe, Baban Allura ya riga ya zagaya injinansa. Haka yake tun gashin kansa na baƙi har ya koma fari fat kamar zaren da suke saƙawa. Zai rataye rigarsa ta gida a ƙusar bayan ƙofa, ya zura shuɗiyar rigar aiki da baƙin mai ya cinye wa aljihu, ya ɗauki 'yar butar mai, ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya kamar mai dubiya a asibiti. Ya dafa wannan, ya kara kunne a wancan, in ya zo kan na kusurwa ya ce, "Kai tsoho, yau ma da tari ka tashi?" Makanikin ɗakin saƙa ke nan a masaƙar tufafi ta bayan gari. Sunansa na yanka kuwa, ko manaja sai ya sosa ƙeya kafin ya tuna.

Wanda bai taɓa ganin irin injin nan ba, bari a kwatanta masa. A tsaye yake, ya fi mutum tsawo, zagayayye kamar bakin rijiya. Daga sama dunƙulayen zare sun yi masa laima, kowanne ya sako silinsa ƙasa. A tsakiya akwai gangar ƙarfe mai juyawa, an tsattsaga jikinta siriri-siriri, kowace tsaga da allurarta, dubbai. Ba irin allurar ɗinki ba ce. Kanta ƙugiya ce, ƙarƙashin ƙugiyar ga ɗan harshe mai buɗewa da rufewa, can ƙasa kuma 'yar dunduniya da ke bin wata hanyar ƙarfe mai hawa da gangara. Ganga na juyawa, dunduniya ta hau tudu, allura ta leƙo ta cafki zare. Ta gangara, harshe ya rufe, ta ja zaren ta cikin madaukin baya. Yadi ya riƙa sauka kamar buhu marar ɗinki, yana naɗewa a ƙasa. Daga wannan yadi mai laushi ake yanka singileti da rigunan jarirai.

To, allura dai ƙarfe ce, wata rana sai ta karye. Nan ne Baban Allura ya kafa dokar da ta jawo masa wannan suna. In allura ta karye, inji ba ya tashi sai an nemo gutsattsarinta kaf, an jera su a kan farin ƙyalle, an ga allurar ta cika daga dunduniya har ƙugiya. Kan ƙugiyar nan bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma in bai gan shi ba, ko hantsi ya zama la'asar, yana durƙushe da maganaɗisu a hannu yana bin ƙasa da jikin yadi.

Mai tsaron injin kusurwa wata mata ce da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa sai an ɗauke wuta, shi ma ba tabbas. Ita ce ke tsokanarsa.

"Yaya, abin nan fa ko kaza ta gani ba za ta tsattsaga ba. Ka tashi, gwiwarka ta fi shi tsada."

"Ƙanwata, rage murya, kin kori allurar."

"Ni na kore ta? Ai ganin fuskarka ta yi ta gudu!"

Manaja ma ya taɓa saukowa daga ofis, ga mota na jiran kaya a ƙofa, ya ce, "Baba, a yi haƙuri a tashi injin nan mana. Wataƙila a ƙasa ya faɗi, shara ta kwashe."

Baban Allura bai ko ɗago ba. "Ranka ya daɗe, wataƙila a ƙasa, wataƙila a yadi. Babba in abu ya soke shi zai tuɓe riga ya duba. Jariri ba ya cewa ga inda ke sukata. Kuka kawai zai yi, uwarsa ta ƙara rungume shi, ta ƙara danna masa."

Manaja na da goyo a gida lokacin. Ya juya ya hau sama, bai sake saukowa kan wannan magana ba.

Ba nema kaɗai ya iya ba. Shi ya lura injin kusurwa kullum a wuri guda yake karya allura, inda hanyar dunduniya ta yi kwana mai kaifi, allura na zuwa a guje ta buga ƙirji. Ya kwance ƙarfen, ya zauna da dutsen washi yana lallashin kwanar nan kaɗan-kaɗan, ya mayar ya saurara, ya sake kwancewa, har ta zama gangara mai sauƙi. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar injin ma sai da ta sauya, ta bar haushi ta koma gunaguni. Shi ne kuma ya farke tsofaffin lasifikoki, ya ciro maganaɗisun cikinsu, ya liƙa a ƙasan wasu farantai ya ɗaura wa kowane inji, domin abin da ya ɓalle ya faɗa can maimakon cikin yadi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya buga masa tafi.

Kai ne, Baban Allura, mai hana inji gaggawa. Kai ne ka yi gadin fatar 'ya'yan da ba ka san iyayensu ba.

Sai ido ya fara cin amanarsa. A gida aka soma gani. Maiɗakinsa, wadda duk zamansu shi ke zura mata zare a allura yana yi mata dariyar tsufa, ta miƙa masa wata rana ya yi ta laluben kafar, har ta karɓe ta ce, "Bar shi, Malam, dama ɗinkin ba na sauri ba ne." Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. An yi tabarau, an sauya tabarau. Daga baya likita ya ce ciwon irin mai cin gani daga gefe ne a hankali. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

Ta ce, "Malam, ka faɗa musu a wurin aiki."

Ya ce, "In faɗa musu me? Hannuna ya san injinan nan fiye da yadda ya san hanyar bakina. Kuma har yau ba allurar da ta karye ban cika ta ba. Ran da na kasa, da ƙafata zan hau wurin manaja."

Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Abin da bai sani ba, matan ɗakin saƙa sun riga shi ganewa. Sun ga yana wuce ɗan ƙarfe na ƙyalli a gabansa, sun ga yana laluben butar mai tana kusa da gwiwarsa. Sun kuma san 'ya'yansa sun yi nisa, gidansa shiru ne, ɗakin nan mai ƙara shi ne duniyarsa. Rediyo ta tara su a wurin wanke hannu, karon farko da aka ji ta tana raɗa. Daga ranar, in allura ta karye, masu kaifin ido su riga shi gano guntun, su lallaɓa su sa a farantin maganaɗisu ko su tura shi inda hannunsa zai bi. Shi kuma ya ɗago shi da murna ya ce, "Kun gani? Tsoho da sauransa!" Su yi shewa, wata ta juya ta goge ido da gefen ɗankwali.

Haka aka yi ta tafiya, har wata safiya da allura ta karye a injin kusurwa, ana tsakiyar saƙa yadin jarirai. An samu dunduniya, an samu harshe, kan ƙugiya ya ce ku nemo ni. Mata suka duba a ɓoye, babu. Baban Allura ya durƙusa. Hantsi ya yi, rana ta take, yana rarrafe yana shafa siminti da tafin hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya buga goshi a ƙafar inji ya ci gaba da nema. Rediyo ta tsaya tana kallon dattijon nan a ƙasa, zuciyarta ta kasa ɗauka. Ta zagaya wurin gwangwanin da ake tara matattun allurai, ta ɗauki ɗaya, ta ɓalle kanta da filaya, ta jefa a faranti.

"Yaya, sake duba farantin nan mana, kamar na ga wani abu."

Ya laluba, ya samu. Ya miƙe da ƙyar, ya je kan farin ƙyallensa ya jera. Mata suka fara sakin numfashi. Amma shi bai ce tsoho da sauransa ba. Ya sa ɗan guntun tsakanin yatsu biyu yana murzawa, ya kai shi bakin karayar, ya juya, ya sake kaiwa.

"Wannan ba kan allurar nan ba ne," in ji shi a hankali. "Wannan ya fi kauri. Na injin yadin sanyi ne. Yaya aka yi ya zo nan?"

Mata suka bar aiki. Injin da ke juyi a can ƙarshe ma wata ta kashe shi.

"Ƙanwata, ke nake tambaya."

Rediyo ta buɗe baki. Sai kuka. Cikin kukan ta faɗa masa komai, har da na watannin baya.

Ya nemi benci ya zauna. Ya daɗe yana kallon wajen da muryarta take.

"Duk waɗanda na riƙa samowa, ku ne?"

"Mu ne, Yaya."

"Sau nawa kuka karya mini wata allurar?"

"Wallahi yau ne kaɗai. Sauran duk na gaskiya ne. Ganinka na yi a ƙasa..."

"Na ji." Ya share fuska da hannun riga. "To na gaskiyar yana ina yanzu?"

Wuri ɗaya ya rage, cikin yadin. Ya ce a warware naɗin yadin gaba ɗaya. Aka shimfiɗa shi a dogon teburin yanka, mata suka jeru hagu da dama suna bin sa taƙi-taƙi, shi yana tsaye a gefe, hannuwansa a baya, karon farko da ake neman allura ba da shi ba. Can wajen tsakiya Rediyo ta ce, "Wash!" Kan ƙugiyar ya soke ta a yatsa. Yana kwance cikin saƙar, ya lafe, ko alamarsa ba a gani. Ta kawo masa a tafin hannu da ɗigon jininta. Ya kai shi bakin karayar, ya zauna daram.

Ya ninke ƙyallen, ya ajiye maganaɗisunsa a kan benci, ya kama ƙarfen matakala ya hau wurin manaja, ya ce ya zo ajiye aiki.

Manaja ya yi iya yinsa. Ya ce, "Baba, zauna mana ko kunne ka riƙa ba mu. Neman allura wasu su yi."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, muddin ina ɗakin nan, idonsu rabi na kan yadi, rabi na kaina. Yaran kirki ne, ba za su iya dainawa ba. Yau tausayina ya kusa shiga rigar jariri. Ba zan jira na biyu ba." Abu guda ya roƙa: a ba Rediyo ikon tsayar da kowane inji in allura ta karye, kada kowa ya tashe shi sai ta ce. "Dama da idonta nake aiki, ni ne ban sani ba."

Da zai fita, ta tare shi a ƙofa, idanu sun kumbura. "Yaya, ka yafe mini. Ni na kore ka."

"Ke kin isa? Shekara nawa kina surutu a kunnena ban gudu ba?" Ya yi 'yar dariya. "Kin yi kuskure, ƙanwata, amma na san inda ya fito. Ki riƙe ɗakin nan. In kin ga mutum a ƙasa yana nema, ki durƙusa ku nema tare. Kada ki ƙara ɗaga kowa da ƙarya."

Yanzu yana gida. Da safe har yau yakan farka da wuri, ya zauna bakin gado da takalma a ƙafa, sai maiɗakinsa ta ce, "Malam, ina zuwa?" ya ce, "Babu," ya cire. Ganin ya ƙara ja baya. Ba ya ƙorafi, amma in babbar mota ta wuce ta titi gidan ya ɗan girgiza, yakan yi shiru ya kasa kunne.

Kai ne ka bar abin da ka fi so tun ba a ce ka bari ba. Da ka yi shiru, da an rufa maka har ƙarshe, da ƙauna kuma za a rufa. Ka ƙi. Mun gode, Baban Allura. Iyayen da suka sa wa 'ya'yansu riga suka yi barci lafiya ba su san ka ba, to mun gode a madadinsu. Allah ya sa abin da ya rage na ganinka ya daɗe, ya ba ka haƙurin zaman gida, ya saka wa maiɗakinka.

Ku kuma masu aiki, ko inji kuke tsaro ko tukunya ko sitiyari, ku yi koyi da shi wajen tsayawa har aiki ya cika, ku yi koyi da shi kuma wajen abin da ya fi wuya, wato faɗin gaskiya ran da ƙarfi ya gaza. In kuwa kun gan shi zaune a ƙofar gida da yamma, kada ku ɗaga masa hannu daga nesa ku wuce, ba zai gani ba. Ku tsallako, ku yi sallama, ku faɗa masa ko ku wane ne, ku kama hannun nan ku riƙe.