Ranar da Ammu Bashir ya maƙale a dutse

"Ba na hawa, ba na sauka. Kira mudir." Ammu Bashir ke nan, direbanmu, yana manne da dutse, igiya a ƙugunsa, ruwan sadd a bayansa. Wannan ranar ba ta taɓa fita raina ba.

Bari in koma baya, don ku sababbi. Lokacin ina wata na uku a maktab ɗinmu, wato ofishinmu, na unguwar Sultana a Madina, inda muke shirya wa mutane ziyara da rihla, wato yawon buɗe ido. Ƙa'idar ita ce wata uku na gwaji. In mudir, wato manaja, ya gamsu a sabunta maka iƙama, takardar izinin zama, in bai gamsu ba sai gida.

Malaman wata madarasa suka ce suna son yini guda na hawan dutse kusa da ruwa, kuma babu wanda ya taɓa hawa a cikinsu. Mudarrib, mai koyar da hawan, zai zo da kayansa ranar. Nawa aikin nemo wuri. Madina ba tafki, sai sadd, wato madatsar ruwa tsakanin duwatsu, da ke cika bayan ruwan sama. Na zaga uku, na zaɓi ɗaya. Na hau dutsen da silifa, na sauko, na ɗauki hoto da waya.

Mudir Abu Faisal, jikan Kanawa ne haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Ya kalli hoton.

"Min ya hau?"

"Ni, ya mudir. Sahal ne, mai sauƙi ƙwarai."

"Inta ɗan ina?"

"Damagaram."

"Halas. Ku da kuke tashi cikin duwatsu da awaki. Ɗauki Ammu Bashir. In ya hau ya sauko, tayyib."

Ammu Bashir ya haura hamsin, ga tumbi, bene hawa biyu ma sai ya tsaya hutawa. Na hau na ɗaura igiya a sama, na dawo na riƙe. Ya yi tsayin mutum biyu ya tsaya cak. Hawan bai ba shi wuya ba. Da ya duba ƙasa ne bai ga inda zai sa ƙafa ba, tumbin ya tare.

"Ammu, dama kaɗan, akwai wuri."

"Ya waladi, kai kake gani. Ni rigata nake gani."

Sai da na sassauta igiyar a hankali na sauke shi kamar buhu. Ya zauna ya sha ruwa, bai zage ni ba. Ya ce taso. Muka zaga ɗaya gefen ruwan, ya nuna wani dutse da ya ɗan kwanta, wanda na wuce tun farko don na raina shi. Ya hau, ya sauko da baya da ƙafarsa, sau biyu. Ga inuwa, ga wurin shimfiɗa tabarmar salla, mota na isa har gindinsa.

Na gaya wa mudir duk yadda aka yi, har da wanda ya gano wurin. Malamai suka zo, kowa ya hau ya sauko. Aka sabunta min iƙama.

Tun ranar ba na rubuta "sahal" a kan wurin da ni kaɗai na gwada, kuma saukowa nake fara dubawa kafin hawa. Ku da kuke turo min hotuna kuna cewa wuri ya yi wa sabon shiga, wa kuka sa ya sauko daga kansa?